Kunya Uku

Daren Laraba, bayan girbin gero

Yau aka yanke hukunci, in har wannan sunansa hukunci.

Tun farkon damina Ɗanlami, maƙwabcin gonata, ya tuge gambar da marigayi Baba ya dasa a kan iyaka, ya matsar da ita, ya cinye min kunya uku. Na kai ƙara tun shuka ba ta kai gwiwa ba. Yau alƙali ya tafi ta'aziyya, gobe magatakarda bai zo ba, jibi a dawo bayan Sallah. Sai da mutumin ya girbe ya kai rumbu, sannan aka tuna da mu.

Ɗanlami ya tsaya gaban alƙali yana wani sunkuyar da kai. "Allah ya gafarta Malam, shanun huɗa ne suka zarce."

Shanu! Su ne suka tuge gamba, suka sake dasa ta a layi? Alƙali kuwa sai gyaɗa kai yake, kamar an karanto masa hadisi. Ko gonar bai taɓa takawa ba.

Hukuncin wai Ɗanlami ya mayar min da kunyoyina, ya ba ni haƙuri, mu yi musabaha. Na ce, "Geron fa?"

"Malam Habu, maƙwabci ɗan'uwa ne. Bar wa Allah."

To, in Allah zan bar wa, me ya kawo ni wurinka?

Na miƙa hannun, Ɗanlami har da murmushi. Kunyar gona dai zai mayar, ƙasa da kututturen kara. Ta ido kuwa, daga shi har alƙalin, babu mai ita balle ya bayar.