Sunan da Suka Ba Goggo

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu? Tunda makarantar taku ta hana waya, dole na ɗauko biro da tsufana.

Kin san na yi shekaru ina raino a gidan wasu Turawa kafin a haife ki. To, yarinyar da na goya ta nemo lambata. Ta zama babbar mace, har da 'yarta, wai tana so ta zo ta gan ni. Na ce ta dakata tukuna.

Dezi suke kirana a gidan. Da na ba mai kemis ɗin layinmu labari sai ya fashe da dariya, wai a ƙasarsu sunan saniya ne. Ke da kike cinye littattafai, ki binciko min. Idan saniya suka mai da ni duk shekarun nan, ba na son ganinta.

Allah ya ba da sa'a.
Goggonki

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafar taki ta yi sauƙi.

Na duba babban ƙamus na ɗakin karatu, wanda ba a yarda a fita da shi. Daisy ake rubuta sunan. Wani ɗan fure ne fari mai rawaya a tsakiya, yana fitowa cikin ciyawa ko ba a shuka shi ba. Asalin kalmar na nufin idon yini, domin da safe yake buɗewa, ya rufe da yamma.

Ban tsaya nan ba. Na je wurin malamar Turancinmu, duk da sai da na yi ta zagaye ofishinta kafin na iya ƙwanƙwasawa. Ta ce haka suke yi, daga furanni da kyawawan abubuwa suke ɗauko sunayen mata. Rose fure ne, Lily ma haka, Joy kuwa farin ciki. Na yi mata maganar saniya. Ba zan ɓoye miki ba, Goggo, ta ce gaskiya ne wasu manoma kan sa wa shanunsu sunan, amma sunan mata ne sananne, masu mutunci da yawa suna amsa shi.

Rabin labari mai kemis ya sani. Na tabbata ba zagi ba ne.

Ki huta lafiya.
'Yarki

'Yar boko,

Sannu da aiki, Allah ya yi miki albarka. Fure! Ni da wannan jikin? Na karanta wa mai kemis, ya ce shi dai magani ya karanta.

Amma wasiƙarki ta tono min abin da na daɗe da binnewa. Ranar da na fara aiki uwar gidan ba ta tambayi sunana ba. Rigar aiki ta miƙo min, da sunan a ɗinke a ƙirji. Mai rainon da ta gabace ni Dezi ce. Bayan na bari, na haɗu da kukun gidan a kasuwa, ya ce wadda ta gaje ni ma Dezi ce. Wai don kada yara su rikice.

Kin ga furen nan na riga ne, ba nawa ba. Gara ma saniyar, ita sunanta nata ne ita kaɗai. Ki daina wahalar da kanki, ki kama karatunki. Zan ce wa yarinyar ba ni da lafiya.

Goggonki

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da ladabi. A bayan aji na karanta wasiƙarki, kuma na yi kuka. Na koma ƙamus, bai ce komai a kan wannan ba. Don haka abin da zan faɗa nawa ne, ki yafe min idan na yi rashin kunya.

Abin da uwar gidan ta yi bai dace ba ko kaɗan. Amma ba ita ke neman ki ba. Yarinyar nan ba ita ta ɗinka rigar ba, a bayanki ta tashi ta ji ana faɗa. Kuma ki duba, masu raino nawa suka wuce ta gidan da sunan nan? Lambar mutum ɗaya ta nemo.

Idan kika ce ba ki da lafiya, har abada da sunan riga za ta riƙa tuna ki, kuma shi za ta koya wa 'yarta. Ni ban yarda da wannan ba. Ki gaya mata sunan da Kaka ya raɗa miki. Idan ta ƙi koya, sai ki rabu da ita, kuma ba zan sake cewa uffan ba.

Allah ya ƙara girma.
'Yarki

'Yata,

Yaushe bakinki ya buɗe haka, ke da ko baƙo ba kya iya gaisarwa sai kina kallon ƙasa?

Na kira yarinyar a waya. Da guntun Turancina na ce mata babu Dezi a gidan nan, na faɗa mata sunana. Sai ta fashe da kuka. Ta yi ta gwadawa kamar mai tauna tsakuwa, har yanzu bakinta bai kama ba.

Na ce ta zo ranar Asabar. A bakin ƙofa za ta tsaya sai ta faɗa daidai.

Goggonki