Kiɗan da Nake Ji a Ɗakin Wankin Ƙoda

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu ma muna nan, da sauƙi alhamdulillah. Baban yara yana ta fama da gyaran firijin mutane, tunda zafi ya shigo wayarsa ba ta hutawa. Babbar 'yarka ta wajena ta shiga ajin ƙarshe, har ta fara yi mini gyara a lissafi, ni da na fara koyar da shi tun ba a haife ta ba. Auta ya zubar da haƙoran gaba, kullum sai ya ce a ɗauke shi hoto a turo maka. Gwaggo ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa ka san bai taɓa ciwo ba.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Baban yara ya nuna mini saƙon da ka turo masa, inda ka ce ya karɓe wayata ko ya goge kiɗan da ke ciki, saboda Gwaggo ta shaida maka ciwon ƙodar nan ya fara taɓa mini kai. Bai karɓa ba, bai kuma goge ba. Ya ce shi ba zai shiga tsakanin wa da ƙanwa ba, in yi maka bayani da kaina. Ban ji haushinka ba, Yaya. Ko ni ce nesa aka ce mini ƙanwata tana toshe kunne tana jin ihun wasu ƙarti, abin da zan ce ke nan.

Ba ka taɓa shiga ɗakin da ake yi mana wankin ƙoda ba, bari in kwatanta maka. Ɗaki ne dogo mai sanyi, gadaje a jere, kowane gado da injinsa a gefe. A bakin ƙofa akwai sikeli, shi ke tona asirin wanda ya sha ruwa fiye da kima. Ana soka maka manyan allurai biyu a hannu, ka kwanta kana kallon jininka yana fita ta roba yana dawowa, wuni kusan rabi, sau uku a mako. Akwai talabijin a manne da bango, ba a taɓa ɗaga muryarsa ba. Hannun da aka soka ba ya motsi. In ƙishi ya dame ka, sai a ba ka ɗan gutsuren ƙanƙara ka tsotsa.

Tun ranar da likita ya ce ƙodojina sun gaza, kalma ɗaya nake ji daga kowa, wato haƙuri. Maƙwabta su ce in yi haƙuri, malaman makarantarmu su ce in yi haƙuri, kai ma kowane kira da ita kake rufewa. Gaskiya kuke faɗa, kuma na yarda da abin da Allah Ya ɗora mini. Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Haushi nake ji, Yaya, haushi mai cin rai. Ina jin haushin jikina, ina jin haushin kofin ruwa, ina jin haushin malamar da aka ba ajina alhali ba ta yi mini komai ba. In muna tafiya asibiti na ga mace tana shan ruwan gora a bakin titi ta zubar da ragowar, sai in ji kamar in sauka in mare ta. Kuma duk wanda ya zo dubiya sai na yi masa murmushi na ce da sauƙi. Ka tuna lokacin da na ƙi zuwa wankin har jikina ya kumbura, numfashi ya gagara, aka kwashe ni a mota? An gaya maka gajiya ce. Ba gajiya ba ce, na rasa inda zan ajiye haushin nan ne, sai na ajiye shi a kaina.

Bayan na dawo aka canza mini gado, aka sa ni kusa da wata mata mai sana'ar haɗa haƙoran roba. Ta riga ni fara wankin da daɗewa. Nas-nas suna kiranta Tsawa, saboda ƙarar da ke fitowa daga abin da take maƙalawa a kunne, ko daga gado na uku ana jinta. Mace ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana. Wata rana wata sabuwar nas ta yi ta neman jijiyata, ta soka ta zare, ta soka ta zare, tana ba ni haƙuri, ni kuma ina ce mata ba komai, haƙorana a cije. Da ta tafi sai Tsawa ta miƙo mini kunne ɗaya na abin sauraron nata. Ta ce in saka, kada in damu da abin da suke faɗa, in dai bari ya wuce ta cikina.

Sunan kiɗan hebi metal. Jita ce mai amfani da lantarki, da ganguna da ake duka kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, sai mawaƙin da ke kwarara ihu har ka ce maƙogwaronsa zai tsage. Da farko na kai hannu zan cire, kunya ce kawai ta hana ni. Can sai na lura muƙamuƙina ya saki. Abin da na ji shi ne kamar na sami wanda ya karɓi ihun da ke ƙirjina yana yi a madadina, da ƙarfin da ni ba ni da shi. Bai ce in yi haƙuri ba, bai ce wasu sun fi ni shan wahala ba. Daidai da zafin da nake ji ya zo. Ana cikin haka gangunan suka tsaya cak, jitar ta rage ita kaɗai, tana wani siririn kuka a hankali. A nan hawaye suka zo mini, karo na farko tun da aka faɗa mini ciwon. Na yi kukana shiru, Tsawa ta juya fuskarta bango ta bar ni. Da na gama sai barci ya ɗauke ni. Na koma gida ranar na ci abinci sosai, na zauna na duba wa 'yarka aikin makaranta ba tare da na daka mata tsawa ba.

Na tambayi Tsawa ko ita ma haushin ne ya kai ta ga kiɗan. Ta yi dariya ta ce ita tun tana ɗaliba take jinsa, lafiyarta ƙalau a lokacin. Ita murna yake sa ta, da shi take aiki a shagonta, tana jin kamar za ta iya ɗaga mota. Ta ce kowa da abin da yake zuwa da shi, kiɗan kuma ya tarye shi a nan. Da ta tura mini waƙoƙin a wayata, na ga alamar haka ne. Ranar da na tashi da tsoro, masu saurin ganga nake sawa, su ba ni ƙwarin shiga ɗakin. Ranar baƙin ciki, masu nauyi da jan jiki. Wata ranar ma ba na buƙatarsa, hira muke yi. Akwai waɗanda ta fassara mini kalmominsu ban so ba, na bar su. Ban bar sallata ba, ban bar addu'o'ina ba. Hasali ma sai na sauke wancan nauyin nake iya tsayawa in roƙi Allah da hankalina a wuri ɗaya. Baban yara ya saurara sau ɗaya, ya ce sak ƙarar firijin da injinsa ya kusa ƙonewa, amma tunda matarsa ta dawo tana dariya, shi ba shi da ta cewa.

Abin da ya faru da Gwaggo kuwa, ta raka ni ne ranar da baban yara ya tafi aiki. Na je hawa sikeli na bar wayar a kan gado, ta ɗauka karatu nake saurare, ta saka abin sauraron a kunne. Sai salati muka ji, ta yi jifa da abin har ƙarƙashin gadon wani tsoho. A mota ba ta ce mini uffan ba, ashe kai take tara wa. Bayan saƙonka na same ta a ɗakinta na gaya mata duk abin da na rubuta maka a nan. Daga baya ta ce lokacin da mijinta ya rasu, kullum da safe sai ta fitar da katifun gidan ta yi ta dukansu da sanda har hannunta ya yi kanta, mutane suna yaba mata tsafta. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta dalili. Har yanzu tana nan a kan bakanta cewa wannan ba kiɗan mutane ba ne. Amma duk ranar wanki ita ke tambaya ko na sa wayar a caji.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Sau da yawa ka ce za ka je a gwada ka ko ƙodarka za ta dace da ni, ni kuma ina ce maka a'a, kana da iyali, ka bar maganar. Iyalin naka dalili ne, amma ba shi kaɗai ba ne. A lokacin ban damu sosai in rayu ba, ban ga amfanin a yanka ka saboda wadda ta riga ta fid da rai ba. Yanzu ba haka nake ji ba. Ina so in ga auren 'yarka, ina so in koma ajina in karɓi allona, ina so in ɗaga kofi in sha ruwa har in ƙoshi. Na yi magana da likita, ya ce ana iya fara gwajin a can inda kake, a turo musu sakamakon. Ka zauna da Anti tukuna, ka ji ta bakinta, don ita ma tana da haƙƙi a jikinka. In ta ƙi, ko gwajin ya nuna ba mu dace ba, wallahi ba zan riƙe kowa a zuciya ba. Amma in kana nan a kan maganarka, to, Yaya, na karɓa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na gode da rigar sanyin, ita nake sawa a ɗakin wankin. Ka gaishe da takwarata da 'yan biyu. Gwaggo tana gaishe ka, baban yara da yara ma haka. Allah Ya tsare mana kai, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Malamar lissafi