Na Ce Zan Koma Daji, Ba Wanda Ya Riƙe Ni

Malama mai fili, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin ƙarshen watan nan mota za ta zo ta ɗauke ni. Ba asibiti za a kai ni ba, ba kuma gidan yari ba. Daji za a kai ni, kuma da bakina na ce a kai ni. Shi ya sa na rasa wanda zan kai wa kuka.

Ni mai gyaran firji ne. Tun ina saurayi nake wannan sana'a, firji da fanka da duk wani abu mai sanyaya ɗaki ko ruwa. A layinmu ba wanda bai sha ruwan sanyi ta dalilina ba. Ni kaina in ruwa bai yi raɓa a jikin kofi ba, maƙogwarona ba ya karɓa. Ki riƙe wannan a ranki, za ki ga amfaninsa a gaba.

Akwai wani shiri da ake yi a talabijin bayan magariba, inda ake kwasar mutane a zube su a ƙungurmin daji, babu lantarki, babu famfo, babu waya, daga gatari sai tukunya, a ga wanda zai fi daɗewa. Malama, shirin nan ya shiga jinina. Ina da kujerata a falo, daidai saitin fanka, kuma rimot a aljihun rigata yake kwana. Da an fara, sai in miƙe ƙafa in fara gyara musu aiki. Wannan ya kafa bukka a kwari, ruwa zai cinye shi. Wancan ya riƙe gatari kamar mai riƙe da cokali. Waccan tana kuka don ta ga maciji, sai ka ce macijin ba gidansu aka je ba. Kowane gyara kuma da magana ɗaya nake buɗe shi, wato "da ni ne". Ashe yaran gidan har sun laƙaba mini suna, Da-Ni-Ne suke kirana a bayan idona. Jikata ce ta tona, ta kira ni da shi a gaban baƙi, kuma ba wanda ya tsawata mata.

Ba zan ɓoye miki ba, a daidai lokacin ake nuna wasan da maman yara take so a wata tashar, na wasu 'yan'uwa da suka shekara suna rigima a kan otal ɗin da ubansu ya bari. Ni ban ga abin kallo a ciki ba, kullum wani na laɓe a bayan ƙofa yana jin abin da bai shafe shi ba. Talabijin ɗinmu ɗaya ce, saboda haka ita takan shiga gidan maƙwabciyarmu washegari da rana ta kalli maimaici. Ba ta taɓa ƙorafi ba, don haka na ɗauka tsarin ya yi wa kowa daɗi.

To, ina da wata magana da ta zame mini jiki. In famfo ya ɗauke, in ce zan tattara in koma daji in huta. In jikoki suka cika ni da ihu, daji. In shayi ya huce, daji. Kuma kullum maman yara takan ce haba baban yara, ka tafi ka bar mu da wa? Sai in yi tsaki, in ce darajarta ce ta sa na fasa. Haka muke yi shekara da shekaru, kowa ya san nasa layin, ba a taɓa samun matsala ba.

Ranar da na miƙa wa babban ɗana makullin shago, na ce na ajiye aiki, an taru a gida ana cin abinci. Har da ƙanin matata, direban babbar mota, mutumin da bai san wasa ba, in ka ce masa kana jin yunwa kamar ka ci doki, sai ya fara tambayar inda ake sayar da doki. Wani ya tambaye ni me zan riƙa yi yanzu. Na gyara zama na ce ai lokaci ya yi, daji zan koma, in nuna wa 'yan talabijin yadda ake yi. Kawai sai mutumin nan ya ajiye cokali ya ce ai yana da fili can bayan inda kwalta ta ƙare, kusa da wani rafi, ko sabis ɗin waya ba ya kaiwa, kuma ƙarshen wata zai bi ta wajen da mota, zai sauke ni.

Na juya na kalli maman yara ina jiran layinta. Malama, matar nan ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya ta tambayi ƙaninta ko rafin yana ƙafewa da rani. Shi ke nan abin da ta ce.

Daga ranar gidan ya koma kamar ana shirin tafiyar amarya. Babban ɗana ya kawo tanti. 'Yata ta aiko da gatari, har da ɗaura masa ƙyalle. Tsofaffin yaran shagona suka haɗa mini tocila mai cajin rana. Maƙwabta suna tare ni a hanya suna cewa ai sun san ni namijin duniya ne, ba cika baki nake yi ba. Wani ma har ya nemi in yafe masa.

Na ce bari in gwada kaina a ɓoye. Ranar da kowa ya fita, na kulle ƙofar bayan gida, na samo itace biyu na yi ta murzawa kamar yadda nake koya wa 'yan talabijin. Tafin hannuna ne ya kama wuta, itacen ko ɗumi bai yi ba. Na kafa tantin a tsakar gida na shiga da rana tsaka, kafin in gama gyara kwanciya na jiƙe sharkaf da gumi. Ina cikin haka ƙadangare ya faɗo a kan rufin, ban san lokacin da na fito da rarrafe ba, na bar takalmi ɗaya a ciki. Sai da na buɗe firji na tsaya a gabansa sannan hankalina ya dawo. Kuma ina shan maganin hawan jini, gwiwata ta hagu tana ƙara in na durƙusa.

Amma duk wannan ba shi ne yake cin raina ba. Abin da yake hana ni sukuni shi ne rawar ƙafar da maman yara take yi. Ita tela ce, kuma na ji tana gaya wa masu kawo ɗinki kada su ƙara kawowa, wato da na tafi hutu za ta shiga, ashe ni ne nauyin. Ta lulluɓe kekenta mai lantarki, ta jawo tsohon na ƙafa daga bayan gado tana ta ɗiga masa mai, ban san ko tsimin wuta za ta fara ba tunda mai biya zai tafi. Na ji ta ta katanga tana roƙon maƙwabciya ta riƙe mata labarin yadda rigimar otal za ta ƙare, alhali rimot zai zama nata ita kaɗai, wannan ai ba'a ce. Mafi ciwo kuma, ta je kasuwa ta sayo takalmin roba mai dogon wuya har ƙafa biyu, babba da ƙarami, ta cusa a kayana. Ɗaya ya yi mini daidai. Ɗayan ko yatsuna ba su shiga ba. Duk zaman da muka yi, matar nan ba ta san girman ƙafata ba, sai da ta yi canke.

Malama, ina jin tsoro, na faɗa miki gaskiya. Kuma raina ya ɓaci, domin a cikin gida guda ba a samu mutum ɗaya da ya ce kada in tafi ba. Jiya aka sa shirin, wani ya kasa kunna wuta, na buɗe baki zan ce da ni ne, sai na tuna tafin hannuna.

In na fasa, da wane ido zan bi layinmu? Na yi tunanin in ƙirƙiri ciwo. Don Allah ki ba ni shawara, tsakanin ciwon baya da jiri wanne ne likita ba ya iya ganewa?

Naki cikin damuwa,
Da-Ni-Ne

AMSA

Baba Da-Ni-Ne, sannu da murzar itace, Allah ya ba hannu lafiya.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Kada ka ƙirƙiri ko ɗaya. Mai hawan jini ba ya wasa da jiri, kuma surukin naka, yadda ka siffanta shi, zai jira ka warke ne ya dawo da mota. Za ka ƙare kana ɗingishi har ƙarshen rayuwarka.

Sha'awar da kake yi ba abin dariya ba ce gaba ɗaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ƙugin injina yana da haƙƙin ya yi marmarin wurin da ba a jin komai sai tsuntsaye. Akwai masu zaman nesa da gari da suke jin daɗinsa, amma da kaɗan-kaɗan suka fara, da lafiyarsu, da sanin inda asibiti yake. Su kuma 'yan talabijin da kake gyara wa aiki, ka tuna akwai mai ɗaukar hoto a gabansu, kuma da wuya a rasa likita da mota a bayan bishiya. Kai daga gatari mai ƙyalle sai gwiwa mai ƙara.

Yanzu ga inda ba za ka ji daɗina ba. Kana ɗaukar maganar komawa daji wasa ne da kowa ya san layinsa. Kai ne kake jin daɗin wasan. Su abin da suke ji kullum shi ne sun ishe ka, gara maciji da su. Matar da ta shekara tana shiga gidan maƙwabta don ta kalli wasan da take so, ga talabijin a falonta, rashin ƙorafinta ba ya nufin tsarin ya yi mata daɗi. Yaranka kuma ba korar ka suke yi ba. Sun ji ka faɗi abu ɗaya tun suna ƙanana, suka yarda da kai. Ka nemi a ɗauke ka da muhimmanci, an ɗauke ka, yanzu kuma kana fushi.

Su ma da nasu. Ya kamata a ce wani a cikinsu ya zauna da kai ya tambaye ka ko da gaske kake, kafin a fara sayen tanti.

Ga abin da za ka yi. Ka samu surukinka ka gode masa, ka ce za ka je ganin wuri na 'yan kwanaki, da maganinka, kuma motar da ta kai ka ita za ta dawo da kai. Wanda ya tambaye ka a layi, ka ce ka duba ka ga ba ka shirya ba. Za su yi dariya, ka taya su, kafin sati ya zagayo sun samu wani abin magana. Rimot kuma ya fito daga aljihu. Naka shirin ma in ana maimaita shi da rana, ba abin da zai hana mai ritaya kallo, ga maƙwabta nan, ka gwada ka ji yadda abin yake.

Amma kafin duk wannan, ka sake karanta wasiƙarka a tsanake, kai da ka ƙware wajen hango kuskuren mutane daga kujera. Ban san maman yara ba, ina iya yin kuskure. Sai dai telar da za ta zauna a gida ba ta sallamar masu ɗinki. Mai lantarki a ɗaki ba ta ɗiga wa keken ƙafa mai. Wadda za ta gaji rimot ba ta roƙon a riƙe mata labari. Kuma ba ta tambayi ko rafi yana ƙafewa don tana tausayin kifi ba, ta san wanda zai ɗebo ruwan. Matarka ta san girman ƙafarka sarai, Baba. Kai ne ba ka san girman tata ba.

Ina ganin ranar da ka yi maganar a gaban jama'a, ga fili ga mota, ta ɗauka wannan karon da gaske ne, ta ga roƙo ba zai yi ba, sai ta fara haɗa kaya. Tana tsoron dajin nan kamar yadda kake tsoro, wataƙila fiye, domin ita ba ta taɓa cewa da ita ce ba.

Yau in magariba ta yi, kada ka kunna talabijin. Ka ɗauko ƙaramin takalmin nan ka ajiye a gabanta, ka ce ta sa ƙafa. In ya shige, to maganar da ka yi wata guda kana jira a faɗa maka, ita ma jiranta take yi, kuma wannan karon kai ne za ka faɗa.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare, kusa da firji.

Mai fili