Rigar Sanyin da Aka Mayar Mini Daga Gwandu

Gwaggo Sharifa, don girman Allah ki ba ni shawara tun zuciyata ba ta fashe ba. Ni mace ce a Kalgo, sana'ata saƙa: rigunan sanyi, huluna da safar yara. Da zaren auduga nake yi, mai araha, wanda nake sarowa a Birnin Kebbi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ba rowa ba ce. Wannan zaren mai sheƙi da ake kira ulu yana cin fatar jariri har ya feso masa da ƙuraje, auduga kuwa lafiya lau take kwanciya a jiki.

Ɗiyata ta fari tana aure a Gwandu. Kin san al'adarmu, ɗiyar fari ba a faɗin sunanta, ba a janta a jiki a gaban mutane. Tunda na haife ta ban taɓa zaunar da ita na ce ina sonta ba, kunya ba za ta bar ni ba. Abin da nake iyawa shi ne duk shigowar ɗari in saƙa mata riga, har ta yi aure ban fasa ba.

To, ta haihu kwanan nan, namiji, aka sa masa Muzzammil. Haihuwa ta biyu ce, don haka a ɗakinta take wankan jego. Tun cikin yana ƙarami na fara saƙa masa jar riga da hula da safa, ido yana yaji, baya yana ciwo. Ni ban je ba, ƙanwata Hajjo ce ta kai kayan barka. Na ja mata kunne ta gaya musu a wanke rigar da ruwan sanyi, ita kaɗai. Hajjo ta rantse ta faɗa.

Ana gobe suna, tsohuwar da ke yi wa mai jego wanka ta tattara kayan jariri kaf ta tsunduma cikin sauran tafasasshen ruwan wanka. Har da rigata, har da wasu fararen kaya da uwar mijin, Hajiya Kulu, ta zo da su daga Umra don a sa masa ranar suna. Zare ya yi zuba, fararen kaya suka koma kamar an jiƙa su a zoɓo, rigar kuma ta tsuke, ko 'yar tsana ba za ta shiga ba.

Na yarda an yi ɓarna. Amma Gwaggo, ji abin da Hajiya Kulu ta yi! Ranar suna, gida cike da mata, ta ɗaga rigar da yatsu biyu tana nuna wa kowa, wai ga abin da aka aiko daga Kalgo, zaren tsiya, wai su a gidansu ba a sa wa jinjiri kayan bakin kasuwa. Aka yi ta shewa, ɗiyata tana zaune kanta a ƙasa. Ba ta tsaya nan ba, ta ƙulle rigar a leda ta ba Hajjo ta dawo mini da ita. Yo ni na dafa rigar? Wa ya taɓa dafa rigar saƙa in ban da ganganci? Yaran Kalgo nawa suka girma cikin saƙata, har Diggi da Dangoma ake zuwa saye, babu uwar da ta taɓa dawo mini da kaya. Wallahi an wulaƙanta ni, kuma na ji zafi har cikin ƙashina.

Na ce ƙafata ba za ta taka Gwandu ba sai Hajiya Kulu ta ba ni haƙuri. Yarinyar ta yi ta kiran wayata ban ɗauka ba, don ban san abin da zan ce mata ba. Jiya kuma sai ga saƙonta ta bakin Hajjo, wai yaro yana mura, in taimaka in saƙa masa wata. Wata kuma? Don a sake ɗaga ta a tsakar gida? Ga arba'in yana matsowa, ban ga jikana ba. Me zan yi?

Mai Saƙa, Kalgo.

Amsa:

'Yar'uwata Mai Saƙa, fushinki yana kan hanya. Kyautar kaka ba abin ɗagawa da yatsu biyu ba ce, kuma mayar da kayan barka a leda cin fuska ne a kowane gari. Hajiya Kulu ba ta kyauta ba, ko kaɗan.

Sai dai ki dubi nata ɓangaren. Ita ma kaka ce, ta ɗauko kaya tun daga ƙasa mai tsarki da burin ganin su a jikin jikanta, ta wayi gari sun lalace. Baƙin cikinta irin naki ne, bakinta ne ya fi naki kaifi. Sannan ke da kika yi jego kin san gidan mai jego ba ya sanin ruwan sanyi. Duk abin da ya taɓa jariri a ruwan zafi yake ƙarewa, ko Hajjo ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Auduga ba ta da laifi, zaɓinki daidai ne. Jan rini mai araha shi ya ci amanarki.

Saboda haka ki ɗauko farin zare ko mai launin ruwan madara, wanda ba shi da rinin da zai zuba. Ki jiƙa zaren a ruwan zafi ya bushe kafin ki fara, ya gama tsukewarsa tun a hannunki, ki kuma saƙa ta da ɗan yalwa. Nan gaba duk zare mai launi, ki gutsuri kaɗan ki tsoma a ruwan zafi tare da farin ƙyalle, ki ga halinsa kafin ki ba shi wahalarki.

Maganar haƙuri kuwa, kada ki zauna jiransa, mai yiwuwa ba zai zo ba. In ya zama dole a yi magana, ki sa wani babba a danginku ya sami mijin yarinyar cikin mutunci. Ke dai in kin shiga gidan ki gaishe da Hajiya Kulu, ki jajanta mata kayan da suka ɓaci, ki tsaya nan.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Gwandu ba a rasa rigar sanyi a kasuwa, mijin ɗiyarki zai iya sayo goma kafin azahar. Yarinyar da aka kunyata uwarta a gabanta, ta aiko a sake saƙo wata da zaren nan dai, a kawo gidan nan dai. Ba ta da bakin da za ta mayar wa uwar mijinta magana, wannan ita ce amsarta, kuma bayanki ta bi. Ke kuma kin ƙi ɗaukar wayarta. Hajiya Kulu tana barcinta lafiya, wadda kike horarwa ita ce mai ɗanyen jiki da jariri mai mura a cinya.

Ki kira ta yau, ko gaisuwa kawai ku yi. Rigar kuma kada ki ba Hajjo. Ki shiga mota ki kai da kanki, ki sa wa Muzzammil da hannunki. Allah ya ba shi lafiya, ya raya shi, ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggo Sharifa.