Ɓawon Ƙwai a Aljihun Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mahaifina kafinta ne, an yi masa aikin ƙaba makonnin baya, kuma har yau bakin ɗinkin bai gama haɗewa ba. Tun da aka sallamo shi Inna ta kafa doka: ba ƙwai, ba kifi, ba wake, ba madara, wai su ke sa ciwo ya yi ruwa. Haka ta ga an yi wa babanta. Daga farar shinkafa sai burodi da baƙin shayi. Mutumin da ke saɓa ƙyauren ƙofa shi kaɗai, yau agogo na yawo a hannunsa. Kullum sai ya leƙa shagonsa ta taga, ga odar kujerun makaranta tana jira, sai ya koma ya kwanta. Wallahi abin yana cin raina.

Yayana kuma, sarkin ɗaga ƙarfe, ya kinkimo wata ƙatuwar roba ta garin amino asid da masu gina tsoka ke sha, wai a dama wa Baba, a huta da gardama. Inna ta ɗora ta a kan firiji, ta ce ko akuya ba za ta ba wa ba.

Ni kuwa na ji ma'aikaciyar jinya da kunnena ta ce a ba shi abinci mai gina jiki. Sai na shiga dafa ƙwai a gidana, in sako a jaka, in miƙa masa idan Inna ta shiga kicin. Shi ma ba ya musu, kafin ki ƙifta ido ya haɗiye. Ashe ɓawon a aljihun riga yake tarawa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya: Inna ta zo wanki ta zazzage aljihu. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa, ta ce ni na hana ciwon warkewa. Baba kuwa ya yi lamo kamar bai san zancen ba. Na san ina da gaskiya, amma ba na son in yi nasara a kan uwata. Yaya zan yi?

Autar Kafinta

Auta, kina da gaskiya, sai dai kin biyo da ita ta taga.

Ƙwai, kifi, nama, wake da madara suna ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki. Idan an ci, ciki yana farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Iri ashirin jiki ke aiki da su, tara daga ciki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai daga abinci. Da su yake gina sabuwar tsoka da fatar da za ta rufe ɗinki. Da su yake haɗa garkuwar da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, da sinadaran narkar da abinci, har da abin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Idan sun yi ƙaranci, jiki kan koma ya ciro daga tsokar hannu da cinya, shi ya sa agogon ke yawo. Babanki ya fi kowa sanin ba a haɗa kujera sai da katako.

Amma kada ki raina Inna. Tsoro ne ya kafa dokar nan, kuma ƙauna ce ta haifi tsoron. Ita ke wanke masa tufafi, ita ke jinyarsa dare da rana, sannan ta gano an haɗa baki da mijinta a bayan idonta. Wannan ya fi ƙwan yi mata zafi. Ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri a kan ɓoyon, ba a kan ƙwan ba.

Robar Yaya ta ci gaba da zama a kan firiji tukuna. Wanda ke iya tauna abinci bai cika buƙatarta ba, kuma ba a ɗirka wa dattijo irin wannan sai likita ya duba ƙodarsa.

Sannan ku koma asibiti cikin makon nan. Ɗinkin da ya ƙi haɗewa ba kullum ne laifin abinci ba, yana iya zama ciwon suga ko ƙwayoyin cuta. Ki tafi da Inna, ki zaunar da ita a kujerar gaba, ki kame bakinki, ita ta yi wa likita tambayar. Abin da ba za ta karɓa daga autarta ba, za ta karɓa daga mai farar riga ba tare da girmanta ya zube ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya mayar da shi kan kujerunsa. Ƙwan gaba kuma ya fito daga tukunyar Inna, a ɓare shi a fili, Baba ya huta da cika aljihu.