Moter Marar Sharbon

Malanville, Litinin

Zuwa ga Alhaji Na'inna, Kamba.

Sallama da gaisuwa. Ina iyali, ina kasuwa?

Bayan haka, pampon hasken rana da ka saida wa manoman albasa na Garou, ɗayansu, Harouna, ya kawo mani nashi in duba kafin su ɗaura. Na ɗaga moter ɗin da hannu guda, kamar ƙoƙon fura. Na buɗe, babu sharbon ko ɗaya, 'yan gawayin nan da ke kai wuta cikin moter! Tun ina saurayi nike naɗin moter, ba wanda ya ba ni ko sukurdireba. Moter marar nauyi marar sharbon, an yashe shi ne. Haka na faɗa masu gaban jama'a, duk sun aje nasu. Ban ce kai ka cire ba, amma kaya naka ne.

Na bar ka lafiya.
Karimu mai naɗi

Kamba, Alhamis

Malam Karimu, aminina,

Wa alaikumus salam. Iyali lafiya. Kasuwa kuwa, ka san abin da ka yi mata.

Ba a sace sharbon ba, haka aka ƙera shi. A tsohon moter sharbon na gugar abin da ke juyawa, yana zafi yana tartsatsi, dole a yi moter ɗin ƙato. Wanga kuwa maganaɗisu mai ƙarfi ne ke juyawa a tsakiya. Wayar na manne da jikin gwangwani, zafinta na fita waje. Ƙaramin akwatin da ke tare da shi ke juya wuta, aikin sharbon ke nan. Tunda babu guga, gudunsa ya ninka, kuma a gudun ƙarfin yake. Ka haɗa shi da pano, faifan hasken rana, ka gani, sarkin naɗi.

Yanzu a kasuwarku ɓarawon sharbon ake ce mani.

Allah ya bar zumunci.
Na'inna

Malanville, Lahadi

Alhaji,

Gaisuwa mai yawa. Na haɗa shi bayan gareji, ni kaɗai. Ruwa ya tsallake katanga ya jiƙa shanyar maƙwabciya. Na daɗe tsaye.

Ga damuwa: mutanen Garou maganata suka riƙe, kuma albasar Harouna ta fara kwantawa, don tsohon injinsa ya mutu. Ka aiko wani ya ce an canza masu kaya da sababbi, sai su ɗaura. Kowa ya huta. Ka san yadda ake kallona a garin nan. Ka rufa mani asiri.

Naka,
Karimu

Kamba, Talata

Malam Karimu,

Ina gaisuwa. In na ce an canza kaya, na amsa sata ke nan. Ba zan yi ba. Garou ba nisa gare ta ba, kuma kana da babur. Albasa ba ta jiran girman kowa.

Wassalam.
Na'inna

Malanville, Asabar

Alhaji,

Sallama. Jiya bayan Juma'a na miƙe ƙofar masallacin Garou na ce ban san wanga moter ba, kuma kayanka lafiya lau suke. Wani ya yi dariya. Da hannuna na ɗaura su duka, ruwa na gudu.

Rabin fadamar Harouna ta riga ta ƙone. Ya shimfiɗa mani tabarma, matarsa ta kawo tuwo, ya ce, "Bismilla, Malam."

Na ci, Alhaji.

Ka gaida gida.
Karimu