Muryar da Injinku Ya Taka

Zuwa ga masu rubuta dokokin da ke cikin ordinatar, wato kwamfuta, ko'ina kuke,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Ni tsoho ne daga Affala, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Malama Rakiya, maƙwabciyar ɗiyata a Tawa, mai koyar da aikin ordinatar, ita ke rubuta abin da nike faɗi.

Na ɗaya. Matata ta rasu ta bar mini muryarta cikin katin memuwar guda biyu, irin ɗan katin ajiya da ake sa wa waya: tana kiran awaki, tana dariya bakin rijiya. In na kunna, gidan kan cika, har ƙamshin hurarta nike ji. Ranar kasuwa na kai ɗaya wani shago don a kwafa mini muryar bisa wani kati. Kwafa kaɗai. Aka sa shi cikin ordinatar, aka zare, babu kowa ciki.

Na biyu. Na zargi mai shago, Malama ta ce ba hannunshi ba ne. Wai akwai ɗan rubutu cikin ordinatar, ana ce mishi pilot, mai tafinta tsakanin inji da kati. Ana ba shi yatsa mai nuna inda ajiya take, da alamar kallo kaɗai. Wani cikinku ya cire alamar don sauri, babu wanda ya tsai da shi, yatsan ya koma alƙalami, ya yi rubutu bisa muryarta. Shekara arba'in ina aika mutane su dubo mini rumbu. Ban taɓa ba mai dubawa ƙwaryar ɗiba ba.

Na uku. An ce mini kuskure ne, in yi haƙuri. Na ƙi.

Roƙona: abin da aka ce a kalla, ku ɗaure shi a kallo. Injin da ke haɗa rubutunku ya ƙi karɓa in an saɓa, ko babbanku ne ya rubuta. Kada ku dogara ga kirkin mutum. Mutum na mantuwa.

Kati na biyun yana wuyana, ɗinke cikin fata kamar laya. Damina biyu ban ji ta ba, tsoro ya hana ni sa shi ko'ina. Wani lokaci da la'asar nikan ji kamar tana motsi ciki, za ta kira baƙar akuya. Ku gama gyaran ku aiko ta hannun Malama. Kunnena na hagu ya riga ya tafi.

Allah ya tsare muku abin da kuka ajiye, ya bar muku muryar naku.

Wassalam.

Alio na Affala